Ranar da Auta Ta Sauko Daga Bene

Wata ƙara ce ta tashe ni daren Juma'a, irin wadda ban taɓa ji a gidanmu ba. Fir-fir-fir, ta yi nisa, ta sake dawowa, kamar wata ƙatuwar tsuntsuwa ta maƙale a ƙarƙashin rufi tana neman hanyar fita. Ku da kuke tare da ni a labarin nan kun san ba ni da tsoro, amma sai da na zauna a bakin gado na kasa kunne. Daga sama take fitowa, daga ɗakin da muke ajiye gangunan katako na khal. Na ɗauki doguwar sandar da nake murza taliya da ita, na hau a hankali, ina taka gefen matakala don kada katakon ya tona ni.

Fanka ce.

Sabuwa dal, ko ledar wuyanta ba a gama cirewa ba. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki tana juya kai dama da hagu, kamar tsohuwar da ake ba wa labarin da ba ta yarda da shi ba. Fararen ƙyallayen da ke rufe bakin gangunan sai rawa suke yi. An share ƙasa, an kwashe saƙar gizo, an jera kujeru takwas waɗanda na gane na ɗakin taron cocinmu ne.

Gangunan nan biyar nawa ne. Baba, Allah ya ji ƙansa, shi ya zuba musu dafaffen ruwan inabi a makon da aka haife ni, kamar yadda ake yi wa 'ya mace a nan Modena, don ta tafi da su gidan miji. Khal ɗin da ke ciki, wato ruwan inabin da ya tsufa ya yi kauri da tsami, tsarana ne. Zafin bazara shi ne abincinsa, sanyi kuma barcinsa, haka Baba ke faɗa, kuma da yana raye ya ga fanka a ɗakin nan da ta taga za ta sauka. Ƙaramar cikinsu ya sa mata suna Auta. A kan ƙyallenta akwai wani dutsen rafi da ya ɗora da hannunsa, turirin khal ya cinye ƙasansa har ya yi rami kamar haƙorin tsoho. A gidanmu, tun daga kakar kakata, ba mai ɗanɗana abin da ke cikin ƙaramar ganga irin Auta sai mutumin da yarinya ta zaɓa. Ita za ta kira shi sama, ta miƙa masa a cokalin tangaran, su biyu kaɗai, ba ido na uku. In ya lasa, magana ta ƙare. Ni kaina ban san ɗanɗanonta ba.

Na zare wayar fankar, na koma na kwanta, amma ido biyu na wayi gari.

Da safe na tarar da Mama a kicin, gashinta duk a naɗe da robobin nan na gyaran gashi, alhali ba Lahadi ba.

"Mama, fankar wa ce a sama?"

"Zafi ne ya yi wa gangunan yawa, na tausaya musu."

"Duk shekarun nan suna can, sun taɓa kawo miki kuka?"

"Sha kofinki kafin ya huce."

"Kujerun fa?"

"Fadan cocinmu ne ya ce in ajiye masa."

"Ya rasa wurin ajiya a duk faɗin coci sai saman benenmu?"

"Ke dai kin cika bin diddigi, Ilenia. Duk halin ubanki kika kwaso." Ta nuna ƙofar ɗakina da cokali. An rataye koriyar rigata mai ƙananan fararen maɓallai, an goge ta har hannunta na tsayuwa da kansa, ga takalmi mai tsini a ƙasa. "Ki dawo da rana ki sa wannan. Kullum kina yawo kamar buhun fulawa, yaron mutane yana haƙuri da ke."

Yaron mutane shi ne Loris. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai ɗaga lema ruwan ɗorawa a titi ko da ba hadari, baƙi 'yan yawon buɗe ido na bin bayansa kamar 'yan kaji, yana kai su daga mai cuku zuwa mai burodi suna ɗanɗane. Shagon taliyar da nake aiki yana kan hanyarsa, a nan muka haɗu. Kullum sai ya tsayar da su a gaban gilashin shagon ya shara musu ƙarya a kaina: wai kakata ce ta dafa wa sarki, wai da ido rufe nake naɗe tortellini, 'yan ƙullin taliyar nan mai nama da cuku a ciki. Ni kuma sai in riƙa danne dariya. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Na ma riga na yanke shawara ni kaɗai: in sanyi ya shigo, lokacin da ake ƙara wa ganguna ruwa, zan kira shi sama. Har cokalin na wanke na naɗe a cikin durowar kayana, ban gaya wa kowa ba.

Ina tafe a ƙarƙashin rumfunan titi saƙonsa ya shigo.

"Barka da asuba, sarauniyar fulawa. Yau ki yi mini murmushi mai kyau, baƙina daga nesa suke."

Na rubuta, "Ka san wani abu game da fanka?"

Na ga alamar yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina.

"Wace fanka?" Sai jajayen zukata uku.

Da hantsi suka iso, su takwas. Har da wani dattijo mai safa a cikin silifas, wanda duk abin da aka miƙa masa sai ya shinshina tukuna, har da takardar goge hannu. Loris na gaba cikin shuɗiyar rigar lilin da ban taɓa gani a jikinsa ba, ya yi aski, ga ɗan ƙyalle ja a wuya. Ni da Morena, abokiyar aikina, muna bayan tebur muna naɗi. Kafin ya buɗe baki, wata doguwar mata mai farin gashi da faffaɗar hula ta kewayo tebur, ta kama hannuwana biyu duk da fulawar da ke jiki, idonta cike da ƙwalla. Da 'yan kalmomin yarenmu da ta haddace ta ce:

"Amarya! Barka! Yau! Cokali!"

Sauran suka tafa. Morena ta ajiye abin da ke hannunta.

Na juya wurinsa da murmushi. "Loris, wace amarya?"

"Kai, matar nan ba ta da zurfin ciki ko kaɗan. Na ce musu kada..."

"Ka ce musu me?"

"Ki ci gaba da murmushi don Allah, hoto suke ɗauka."

"Ina yi. Ga haƙorana duk a waje. Ka ce musu me?"

Ya waiwaya ya ce musu da Turanci wai ina bayani ne cewa sirrin naɗin yana ɗan ƙaramin yatsa. Ya manta ina jin Turancin daidai gwargwado. Suka ce "Ooo!" suka matso da wayoyinsu kusa da yatsana.

"So na yi in ba ki mamaki," ya ce, shi ma haƙora a waje. "Ni da Mama muka shirya. Daga nan sai kasuwa, sai mai cuku, zangon ƙarshe gidanku. In durƙusa, ki ba ni cokali, shi ke nan."

"Zango. Ni ce zangon ƙarshe. Bayan cuku."

"Ba haka nake nufi ba."

"Askirim ɗin fa, kafin ni ne ko bayana?"

Morena ta shaƙe da dariya har sai da ta juya wa gilashi baya.

Sai ya rage murya, murmushin ya tafi. "Ilenia, ke kina da uwa, kina da unguwa guda da ta san ki tun kina rarrafe. Ni wa nake da shi a garin nan? Uwata tana kabari a Ferrara, ɗan'uwana ko waya ba ya ɗaga mini. Waɗannan su ne mutanena, da su nake cin abinci kullum. In ba su tsaya mini ba, wa zai tsaya?"

'Yan'uwa, zuciyata ta yi laushi. Da a nan ya yi shiru, wata ƙila da wani labarin nake ba ku yau. Amma Loris magana ce sana'arsa, bai san inda ake taka birki ba.

"Kuma ki kwantar da hankalinki, na yau ne na gaske. Sauran Asabar ɗin kwaikwayo kawai za mu riƙa yi. Da khal ɗin kanti ma in kin so, ba mai ganewa."

"Sauran Asabar?"

"Zuwa ƙarshen Satumba dai. Mutane sun nuna sha'awa ƙwarai, ba ki ga yadda..."

Na duba hannuna, na ga na murƙushe tortellinin da nake naɗi, nama da cuku sun fito ta tsakanin yatsuna. Dattijon nan mai safa ya leƙo ya shinshina.

Kun ji fa. Abin da kakar kakata ta yi a ɓoye, abin da Baba ya yi shekaru yana hawa sama da fitila yana kula da shi don rana ɗaya, shi za a mayar wasan Asabar. Ni in riƙa sa koriyar riga duk mako ina yin kunya a kan lokaci, shi yana durƙusawa, baƙi na share ƙwalla da ragowar cuku a baki. Mako na nawa ne zan manta wanne ne na gasken?

"Tafi," in ji Morena. "Zan riƙe shago. Kai kuma Malam mai lema, kwashe 'yan kajinka, kun tare mana ƙofa."

Ban ko cire rigar aiki ba. Na tarar da Mama a sama cikin rigarta ta zuwa coci, da sarƙar lu'ulu'un da sai biki take fitowa, ta sake kunna fankar. A kan ɗan tebur ta shimfiɗa ƙyalle mai ado, ta ɗora faranti. A kan farantin ga cokalina, ga bututun gilashin da ake ɗibar khal da shi.

"Har durowata kika buɗe?"

"Da ban buɗe ba, ta ina zan san kin riga kin yarda? Cokali a wanke, a naɗe a tsakanin kayan ciki. To jiran me kike yi?"

"Jiran sanyi! Jiran ranar da ni na zaɓa! Mama, kin san duk Asabar ya shirya a yi?"

Ta ɗan yi turus. Na ga ba ta sani ba. Amma Mama ba ta ja da baya a gaban 'yarta.

"Wannan sai ku sasanta tsakaninku bayan aure. Namiji mai neman na kansa ai ba abin zagi ba ne."

"Da Baba yana nan..."

"Ba ya nan!" Ta buga tebur har cokalin ya yi tsalle. "Ba ya nan, Ilenia. Ya tafi bai ga an buɗe ta ba. So kike ni ma in bi shi ban gani ba? Nawa cokalin mu biyu ne kaɗai, a ɗakin nan, ba wanda ya gani. Babanki ya tofar ma don tsami, muka yi ta dariya. Yanzu wa zan ce wa, 'Ka tuna?' Babu. Sai ka ce mafarki na yi. Gara naki a gani, a ɗauka a waya, ko bayan ranmu."

Ta zauna a ɗaya daga kujerun Fada tana gyara sarƙa. Ban taɓa jin labarin tofarwar nan ba sai yau. Na so in je in rungume ta. Amma na tuna ita ce ta ɗauko kujerun nan ɗaya bayan ɗaya ta hawo da su, da ciwon gwiwarta, ba ta ce mini uffan ba.

"Ki kira shi ki ce kada su zo."

"Na yi masa alkawari. Gidana ne, za su hau."

"To ba zan ba shi cokalin ba."

"In hannunki ya yi nauyi, nawa bai yi ba. Ni zan ɗiba in ba shi. Ke dai ki tsaya a gefe ki yi kyau."

Na dubi fuskarta, na san za ta aikata. Mun daɗe a haka, ita tana kallon taga, ni ina zaune a ƙasa kusa da Auta. Sai ƙararrawar ƙofa ta buga, ta sauka da sauri ta buɗe, na ji muryar Loris yana gargaɗin baƙi su kula da kansu, rufin matakala gajere ne.

Baba ya sha gaya mini, ba a taɓa ganga da bazara, a farke take. In ka girgiza ta, abin da ya kwanta a gindinta shekara da shekaru zai taso, wata ƙila ba zai sake kwantawa ba. Tsohon katako kuma ba ya son canjin wuri, in ya fara yoyo sai haƙuri. Duk na san wannan. Na ɗauke dutsen na jefa a aljihun rigar aiki, na cusa ƙyallen cikin bakinta sosai, na durƙusa na rungume ta.

Ta fi yadda na zata nauyi. Kuma da ɗumi, kamar jariri da ya tashi daga barci. Na ji abin cikinta ya motsa a hankali, mai kauri, ya jingina da ƙirjina. Allah ya sa murzar taliya ta ba ni damtse.

A tsakiyar matakala muka haɗu. Mama na gaba, Loris na bayanta, baƙi sun jeru har ƙasa.

"Ilenia!" in ji Mama. "Kin haukace? Mayar da ita!"

"A ba ni hanya."

Baƙin suka manne da bango, wayoyi a sama. Mai hular nan ta fara tafi, ta ɗauka cikin shirin ne. Loris bai fassara komai ba. Lemar ta zame daga hannunsa ta gangara tana bugun matakala.

"Ajiye ta," ya ce a hankali, ba da muryar aiki ba. "Don girman Allah ajiye ta, za ki lalata ta. Zan sallame su yanzu. Ba Asabar, ba komai."

"Ka makara. Matsa."

"Ilenia, aikin babanki ne."

"Yanzu ka tuna?"

Ya matsa. Ina wuce shi na ji wani abu mai ɗumi yana bin hannuna. Na duba. Wani siririn baƙin zare ne ya fito daga tsakanin katako biyu, ya gangaro wuyan hannuna, mai sheƙi kamar zuma. Ƙamshinsa ya cika matakalar, har dattijon nan ya lumshe ido. Auta ta fara yoyo. Na ga Loris ya gani. Ɗigo ɗaya ya taru a gwiwar hannuna, daf da fuskarsa, da ya miƙa yatsa da magana ta ƙare a gaban mutanensa kamar yadda ya so. Sai ya kwance jan ƙyallen wuyansa, ya danna shi a kan tsagin da tafin hannu, ya kau da kai gefe. Haka muka sauka, ni ina ɗauke, shi yana toshe, ba mai kallon wani.

Kada ku ce na yafe masa. Ban yafe ba.

Muka fito titi, rana ta mare ni. Sai a nan na tuna ban san inda na nufa ba. Shago? Gidan Morena hawa huɗu ne ba lifta. Mama ta fito tana haki, robar gashi ɗaya da ta manta tana lilo a ƙeyarta, baƙi takwas suka yi mana zobe.

Goggo Cesira, maƙwabciyarmu, tana zaune a kujerarta a ƙarƙashin rumfa tana ɓare wake a kwano, kamar kullum. Ta haura tamanin, kuma duk gangar da ta fita daga layin nan a idonta ta fita, da furanni, da mota mai ƙyalle, da amarya a gaba. Ta ɗago, ta gyara tabarau. Ta dube ni da fulawata, ta dubi Loris da hannunsa a kan katako, ta dubi Mama da lu'ulu'unta. Wake ya zube daga cinyarta.

"Ikon Allah! Ba Auta ba ce wannan? Graziella," ta kira Mama da sunanta, "an ɗaura ne ba a gayyace mu ba?"

Mama ta sunkuyar da kai. Loris ya ƙara danna ƙyallen. Ni kuwa khal na ɗiga daga gwiwar hannuna a kan duwatsun titi.

Goggo Cesira ta ajiye kwanon, ta dafa sanda ta miƙe.

"To ku yi magana mana. Gidan wa za a kai ta?"